Tambayi Koci: Ƙwauri na ciwo, mai ƙwaurin kuma ya ƙi yarda ya huta

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda hunturu ya shigo saƙonni suka yi yawa, yawanci daga Zariya da kewaye, dama haka ake duk shekara, sanyin asuba ya ruɗi mutane kowa ya ɗaura kambas ya fita, bayan wata biyu kuma a fara turo min maganar ciwo. Ta farkon na barta da tsawonta don mutane da yawa zasu ga kansu a ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Koci, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni tela ne a Tudun Wada shekarata 36, zaman keke yasa na ajiye tumbi har yarana na tsokanata, toh wata uku da suka wuce na fara fita gudu bayan sallar asuba, da farko ko daga Agoro zuwa PZ bana iya kaiwa sai na tsaya na dafa gwiwa ina haki, amma yanzu Alhamdulillahi har Kwangila nake zuwa na dawo kullum ba fashi ko ranar Juma'a, wayata na nuna min wajen kilomita goma. Matsalar itace kusan sati uku kenan ƙwaurina na dama na min ciwo ta ciki, da sai na fara gudu yake yi in jiki ya ɗau zafi ya bari, yanzu kuwa ko keken ɗinki na taka sai naji shi. Wani abokina ya kaini wajen mai ɗori ya gasa min da ruwan zafi ya murza sosai yace jijiya ce ta hau kan jijiya, sannan mai kemis ya haɗa min diclofenac da wani ja ina sha kafin na fita, in nasha kam lafiya lau nake gudu sai yamma abun ya dawo. Ni tsorona kar na tsaya tumbin ya dawo, kuma na riga na cika baki a majalisa cewa zanje gudun Legas. Ya zanyi?
Daga wani tela, Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam Malam tela. Kafin komai naɗe ƙafar wandonka, ka sa yatsa ka bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki, daga ƙasan gwiwa har idon sawu, kana dannawa a hankali. In ciwon a shimfiɗe yake, ya kai tsawon tafin hannu ko ya fi, ba za ka iya cewa ga takamaiman wurin ba, toh galibi wahala ce ta taru a gefen ƙashin da naman da ke manne da shi, hutu da gyaran tirenin na maganinta. In kuwa wuri ɗaya ne tak wanda kan yatsa zai rufe, kana taɓawa ka zabura, ko ka gwada ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai ka kasa, ko yana damunka cikin dare kana kwance, toh ana tsoron ƙashin ne ya fara tsagewa. Ba irin karayar haɗarin mashin ba, 'yar siririyar tsaga ce da yawan dukan ƙasa ke kawowa a hankali. Yadda kace da ciwon kan bari in jiki ya ɗau zafi amma yanzu har kan keke kana jinsa, ni dai hankalina bai kwanta ba, ka je asibiti. Asibitin koyarwa na Shika na da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi, ba sai ka tafi asibitin ƙashi na Dala a Kano ba tukuna. Kuma ka sani sau da yawa hoton ƙashi na farko baya nuna irin wannan tsagar sai ta yi sati biyu zuwa uku, don haka in aka ce hoto bai nuna komai ba amma ciwon na nan daram a wuri ɗaya, ba izinin komawa Kwangila aka baka ba.

Abun da ya same ka shi ke samun yawancin masu fara gudu da girmansu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni haki ya ragu, mutum yaji shi garau ya ɗauka duk jikin ne ya shirya, alhali ƙashi da jijiya watanni suke ɗauka kafin su kamo. Duk takun da ka yi a guje, nauyin da ke sauka kan ƙafa ɗaya ya ninka nauyin jikinka sau biyu zuwa uku, a kilomita goma kuwa taku dubbai ake magana. Ƙashi na ɗan gajiya ya gyara kansa ya ƙara ƙwari, amma gyaran nan ranar hutu ake yinsa, kai kuma da bakinka kace ko Juma'a baka fashi. Bulo ne aka buga jiya, bai sha ruwa ya bushe ba, ka ɗora masa bene.

Maganin nan da kake sha kafin ka fita shi ya fi ɓata min rai wallahi. Diclofenac da ibuprofen da danginsu basa haɗa ƙashi, zafin kawai suke dannewa, kai kuma ka samu damar ƙara dukan wurin da ya kamata ka tausaya wa. Ga shi da asuba kake sha ciki ba komai, ka fita ka zubar da zufa ba ruwa a jiki, a irin wannan yanayin ne suke taɓa ƙoda su kuma ci ciki su kawo olsa. Jan nan da baka san sunansa ba, ka daina sha, ranar zuwa asibiti ka tafi da kwalinsa ko ledarsa likita ya gani. Mai ɗori kuwa ban raina sana'arsa ba, gado ce, kuma akwai waɗanda suka san iyakarsu, da sun ga abu ya fi ƙarfinsu su ce a wuce asibiti. Amma ƙashin da ake zargin ya tsage ba a murza shi.

In likita yace ba tsaga bace, ka ajiye gudu sati biyu zuwa huɗu. In tsaga ce galibi sati shida zuwa takwas ne, wani lokaci ya wuce haka, kuma shi zai faɗa maka ranar komawa ba 'yan majalisa ba. A tsakanin nan in ya yarje maka ka hau keke, na hawa nake nufi ba na ɗinki ba, don numfashin da ka tara kar ya zube. In ciwon ya lafa ka fara ƙarfafa sha-raɓa, ka tsaya bakin dakali ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya sama ka sauke a hankali, sau 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku.

Alamar ka isa komawa itace ka yi tafiyar sauri ta minti 30 baka ji komai ba, washegari da safe ma ka sauko daga gado baka ji ba. Daga nan sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, haka haka har minti 20, kwana uku kacal a sati kuma kar ka jera su. Nasan zaka ji kamar raini ne ga mutumin da ya saba Kwangila, ka daure. Duk sati ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma na abun da ka yi satin baya, ba aya bace, ma'auni ne dai da masu gudu ke amfani da shi don taka wa kansu burki. Saurin kuma ya zama wanda zaka iya gaisawa da mutum, ya ce ya iyali ka amsa masa cikakkiya numfashi bai sarƙe ba. In ciwon ya leƙo ka koma matakin satin da ya wuce.

Hanyar ma ka sake ta. Gefen kwalta a karkace yake saboda ruwa ya gangara, in kullum gefe ɗaya kake bi ƙafa ɗaya ce ke shan wahalar, ga manyan motoci a wajen Kwangila ga hazo da duhun asuba direba baya hango ka sai ya zo daf. Ka nemi filin ƙwallo na ƙasa, makarantu sun cika Tudun Wada da Kongo, in dole sai titi ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa kuma ka sa riga mai haske.

Tumbi kuwa Malam tela a kwano aka fi rage shi. Abun da ka ƙona a kilomita biyar, zama ɗaya a teburin mai shayi, indomi biyu da ƙwai da shayi mai kauri, ya mayar maka da shi har da riba. Ka rage suga da lemon kwalba da tuwon ƙarfe goma na dare, wata biyu ba gudu ba zai dawo da kai inda ka fito ba. Gudun Legas tun 2016 ake yinsa, galibi a watan Fabrairu, kuma bayan babban na kilomita 42 akwai na kilomita 10, wannan ɗin zaka sa a gaba, na wata shekarar. 'Yan majalisa zasu yi maka dariyar kwana biyu su koma kan maganar ƙwallo.

TAMBAYA: Koci barka da aiki, ni ina Samaru na gama sakandare na cike fom ɗin soja kuma ance saura sati uku a fara tantancewa akwai gudu a ciki, ni kuma ban taɓa tirenin ba sai ƙwallon unguwa. Abokaina sunce na riƙa fita da tsakar rana na sa leda a ciki na ɗora suwaita don jiki ya saba da wahala, kuma ranar gudun nasha tramol ɗaya da lemon ƙara kuzari bazan ji gajiya ba. Gaskiya ne?
Daga wani matashi, Samaru

AMSA: Ƙanena, abokan nan naka kar ka ƙara kai musu shawarar lafiyarka. Leda da suwaita ruwan jikinka kawai suke tatsewa, ba kitse ba, kana shan fiya wata guda biyu nauyin ya dawo, abun da suke iya jawo maka shine jiki ya kasa fitar da zafi ka yanke jiki ka faɗi, kuma irin wannan faɗuwar tana kisa. Tramol na iya sa mutum jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kama mutum da take ya kasa rabuwa da ita, hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Kai da kake neman shiga barikin kurata na nan Zariya inda wata da watanni za a yi ana gudu da kai, ƙwaya nawa zaka sha?

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda kana buga ƙwallo ba daga sifili zaka fara ba. Kwana huɗu a sati, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Uku daga ciki gudu mai sauƙi na minti 20 zuwa 30, ɗaya kuma ka je filin ƙwallo ka zagaya sau ɗaya da ɗan sauri, ka zagaya sau ɗaya da tafiya, kamar sau biyar ko shida. Kwana uku na ƙarshe ka sassauta sosai, ka yi barci, ka sha ruwa har fitsarinka ya zama fari-fari. Ranar kar ka sa sabon takalmi, kuma in aka busa usur ka bar masu fizga su fizga, yawancinsu zaka wuce su a tsaye suna riƙe da ciki.

Abu biyu kuma. In zazzaɓi ya kama ka kar ka fita gudu sai ka warke sarai. Sannan ka san rukunin jininka na sikila, in AS ne kai ba ciwo bane kuma baya hana gudu, amma masu shi sun fi shiga haɗari in aka haɗa gudun ƙure ƙarfi da zafin rana da ƙishirwa, don haka kai ne ma ya fi kamata ka guji shawarar leda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Gyallesu shekarata 44, likita yace sugana ya fara hawa na riƙa motsa jiki. Na fara fita da safe da hijabina ina 'yar sassarfa, sati biyu nayi na bari, don wallahi kallon da ake min da maganganu sun isheni, wata maƙwabciyata har leƙowa tayi tana tambaya ko lafiya wani abu ne ya biyo ni, ga gwiwata na ƙara in zan miƙe daga sujada. Yanzu kambas ɗin na ƙarƙashin gado kullum sai nace gobe.
Daga wata malama, Gyallesu

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Maƙwabciyarki ta bani dariya, amma ki lura ba ita za ta riƙa bin layin asibiti da katinki ba. In kuma wani ya kawo miki maganar bai dace mace ta yi gudu ba, ya zo a hadisi Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW), ta wuce shi a karon farko, daga baya da jikinta ya yi nauyi ya wuce ta.

Sai dai ke ba dole sai kin yi gudu ba ma. Abun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wa babba shine aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, tafiyar sauri na ciki, wato minti 30 sau biyar, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ga mai suga kuma 'yar tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci na taimakawa sosai, wannan ko a tsakar gida kya yi, ba mai ganinki sai kaji.

Kasala irin taki ba a maganinta da niyya kaɗai, niyya kam kina da ita tunda kin rubuto. Ki nemi mata biyu cikin malaman makarantarku, na tabbata ba ke kaɗai likita ya yi wa wannan maganar ba, ku sa lokaci, ku riƙa zagaya filin makarantar kafin yara su iso ko bayan an tashi. Mace ɗaya a titi ita ake kallo, uku a cikin katanga ba ruwan kowa da su, kuma ranar da kika ji ba kya so, kunyar wadda ke tsaye tana jiranki za ta fito da ke. Kambas ɗin ki fito da shi daga ƙarƙashin gado ki ajiye kusa da dardumar sallah. Hijabi mara nauyi, wando a ciki, shikenan.

Ƙarar gwiwa in ba ciwo ba kumburi ba abun damuwa bace. In akwai ciwo ta gaba wajen miƙewa ko hawa bene, cinya da ƙugu ke neman ƙarfi, ki zauna kan kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, zagaye uku, kwana biyu ko uku a sati. In ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana saki kamar za ki faɗi, wannan ta likita ce. In an ɗora ki kan maganin suga ki tambayi likitan ko yana cikin masu faɗar da suga ƙasa, ki riƙa fita da dabino biyu uku a jaka, kuma duk dawowa ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko takalmi ya ji miki ciwo.

TAMBAYA: Mun hau dutsen Kufena ranar Asabar da abokai, wajen saukowa ƙafata ta gurɗe idon sawu ya kumbura yayi baƙi-baƙi. Ruwan zafi zan sa ko ƙanƙara?
Daga Wusasa

AMSA: Ƙanƙara ɗan'uwa, a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana a kwana biyu ukun farko, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, in ka kwanta ka ɗora ƙafar kan filo. Ruwan zafi da man zafi da murza a farkon targaɗe ƙara kumburi suke. In baka iya taku huɗu a kanta, ko ka danna kan ƙashin idon sawun kansa kaji zafi mai tsanani, sai an yi hoto. In ta fara sauƙi kar ka kwantar da ita wata guda, ka riƙa takawa daidai yadda zaka iya, kuma ka koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya kana goge baki, don ƙafar da ta taɓa gurɗewa in ba a yi mata haka ba tana yawan maimaitawa.

TAMBAYA: Yaro, wai me yasa duk tseren da aka shirya a ƙasar nan 'yan Kenya da Habasha ke kwashe kuɗin? Jikana yace takalminsu ne mai tsada, yana so na saya masa.
Daga wani dattijo, Sabon Gari

AMSA: Baba Allah ya ja kwana, jikan nan so yake ya yi maka wayo. Gaskiya ne ko a Legas ko Okpekpe ta jihar Edo ko wanda aka yi a Kaduna a 2020 su ke gaba, amma ba daga takalmi abun ya fara ba, Abebe Bikila na Habasha ƙafarsa ba takalmi ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Mutanen nan a kan tsaunuka suke tashi, garin Iten na Kenya inda da yawansu ke atisaye ya kai wajen mita 2,400 sama da teku, iska ba ta da kauri a can sai jiki ya ƙara jini, mu Zariya bamu kai mita 700 ba. Shi yasa ko a gida Najeriya 'yan Filato, wajen Jos da Pankshin, suka fi yin fice a dogon gudu. Ga kuma sansanoni da koci-koci da shekaru ana abu ɗaya, sana'a ce a wurinsu da ake ciyar da gida da ita. Marigayi Kelvin Kiptum ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, kowane kilomita ƙasa da minti uku kenan, jikanka ya gwada ɗaya tak a haka ya kawo maka labari.

Kambas na gwanjo ya ishe shi in an zaɓa da kyau. Ku je kasuwa da yamma lokacin ƙafa ta ɗan buɗe, ya sa da safar da zai riƙa gudu da ita, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunsa da bakin takalmin. Ku kifa shi ku duba ƙasan, in gefe ɗaya ya cinye ko katifar ta yi tauri ta tattare ku ajiye, mai shi na farko ya gama da shi, don galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 800 takalmin gudu ke yi kafin ya mutu ko da samansa na ƙyalli.

Masu tambaya kan gudu da azumi ku dakace ni a fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.